Sauya birkin baya daga diram zuwa dis a motar daji: tambayoyi da amsoshi

Duk mai aiki da Hilux ko Land Cruiser a hanyar da ba kwalta, ko ba daɗe ko ba jima zai ji an ba shi wannan shawara a gareji: "Oga, a cire diram ɗin nan na baya a sa maka dis, ka huta." Shawarar tana da gaskiya a cikinta. Sai dai ba kowa ta dace da shi ba, kuma aikin ya wuce a kwance wannan a ɗaura wancan, domin birki abu ɗaya ne daga ƙafar direba har zuwa tayoyi huɗu, in ka taɓa baya ka taɓa gaba. Ga tambayoyin da masu mota da direbobi suka fi yi, da amsoshinsu.

Mene ne ainihin bambancin diram da dis?

Diram kwanon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai shu guda biyu masu lanƙwasa, da ƙaramar silinda da man birki ke turawa, da sifirin-sifirin da ke dawo da shu ɗin in ka ɗaga ƙafa, da ajasta mai daidaita tazarar da ke tsakanin shu da kwanon. In ka taka birki, shu ɗin su buɗe su goga cikin kwanon. Komai a rufe yake.

Dis kuwa faifan ƙarfe ne a fili, kalifa tana rungume da gefensa, in ka taka sai fad biyu su matse shi ta fuska biyu. Ba sabon abu ba ne. Range Rover ta fito da dis a ƙafa huɗu tun 1970, alhali 'yar'uwarta Defender ta ci gaba da diram a baya har zuwa shekarun 1990.

In na sauya, motar za ta fi tsayawa da wuri?

A busasshiyar hanya, a birki ɗaya na gaggawa, kada ka sa rai da wani bambanci na a zo a gani. Wannan amsar ce mutane ba sa son ji, amma ita ce gaskiya.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke tsayar da mota shi ne riƙon da taya ta yi wa ƙasa. In diram ɗinka mai lafiya ne har yana iya kulle tayar baya, to ya riga ya kai iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ƙarin ƙarfi ba zai ƙara komai ba. Bayan haka, lokacin da ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, hanci ya dunƙufa, baya ya ɗaga. Shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, a akori-kura marar kaya ma ya fi haka, tunda bayanta ba nauyi. Wanda ya zuba kuɗi a baya yana neman tsayuwa ta gaggawa, ya zuba su ne a inda aka fi ƙarancin buƙatarsu. Da ya sayi tayoyi masu kyau, da fad na kirki a gaba, ya sauya man birki, da ya fi ganin amfanin kuɗinsa.

Abin da dis ke ba ka shi ne birkin da halinsa ba ya sauyawa: yadda ya ci da safe haka zai ci bayan ka tsallake rafi, haka zai ci a ƙarshen doguwar gangara.

To a daji me zan samu?

Abu uku, kuma na farko ya fi sauran nauyi: taɓo.

Je ka tsaya kusa da bakanike ranar da zai buɗe diram ɗin motar da ta yi damina tana shiga ƙauyuka. Da farko diram ɗin zai ƙi fita, sai an koma ta ramin baya an sassauta ajasta, in ajastan ya yarda ya juya ke nan, in ya ƙi sai guduma. In ya fita, jar laka ce za ta zubo, wani wurin ta bushe ta zama dutse, wani wurin da sauran danshi. Sifirin sun yi tsatsa, haƙoran ajasta sun cike ba a ko ganinsu, robar bakin silinda ta yage, shu ɗin ya cinye ta gefe ɗaya har ƙarfe ya fito, cikin diram ɗin kuma duk zane-zane, in ka sa farce sai ya maƙale. Ruwa mai yashi yana samun hanyar shiga, amma ba ya samun ta fita, sai ya zauna a ciki yana aiki kamar dutsen niƙa duk juyin da taya ta yi. Dis ba ya tara wannan. Juyawarsa tana watsar da laka, fad yana share saura, in ka dawo gida ka sa tiyo ka wanke.

Na biyu ruwa. Bayan tsallake rafi, diram yana ɗaukar lokaci kafin ya bushe, kuma sau da yawa gefe ɗaya ke riga ɗaya bushewa, sai motar ta riƙa fizga in an taka. Dis taku biyu ko uku ya ishe shi.

Na uku zafi. Diram in ya yi zafi buɗewa yake yi, yana nisantar shu, sai feda ta riƙa nutsewa ƙasa. Dis iska na dukansa ta ko'ina, kuma in ya kumbura wajen fad yake matsowa. Mai saukowa da lodi daga tsaunin Mambila zai gane amfanin wannan, ko da yake ko da dis ɗin ne, ƙaramar giya ce ke sauko da mota daga dutse, birki taimako ne.

Sai kuma sauƙin gyara. Kana cire taya ka ga kaurin fad da idonka, kuma sauya shi a bakin hanya ba ya buƙatar kokawa da sifirin.

In haka ne, me ya sa Hilux ta daɗe tana zuwa da diram a baya?

Kuɗi yana ciki, diram ya fi araha a ƙera. Amma akwai dalilai na aiki. Yadda aka tsara diram, juyawarsa da kanta tana jawo shu ta ƙara manna shi, don haka yana ba da riƙo mai ƙarfi da ɗan matsi kaɗan. Wannan ne ya sa hambirkinsa ke riƙe mota da lodi a kan tudu. Shu kuma yana da faɗi, a motar da ke bin kwalta da busasshiyar hanya yana iya cinye fad na gaba sau biyu ko uku kafin a taɓa shi. Masu ƙera mota ba wawaye ba ne. Sun zaɓi abin da ya dace da mafi yawan masu saye, kai kuma sai ka duba ko aikinka irin na mafi yawan ne.

Dis ba shi da aibi a daji?

Yana da shi. A hanyar caɓi mai yashi, tayoyin gaba suna watso laka kai tsaye kan birkin baya, kuma fad na ciki, wanda ba ka gani sai ka leƙa, yana iya ƙarewa da saurin da zai ba ka mamaki. Sandunan da kalifa ke zamewa a kansu suna ƙamewa in robarsu ta fashe, sai fad ɗaya ya riƙa ci shi kaɗai. Tsakuwa tana maƙalewa tsakanin dis da farantin kariya ta riƙa ƙara. Tiyo da kalifa kuma a fili suke, kututture ko dutse na iya samunsu. Bambancin shi ne duk waɗannan ana ganinsu da wuri, a gyara da wuri.

Wanda aikinsa rairayi ne busasshe, irin hanyar Agadas zuwa Dirku, ribar da zai samu ba ta kai ta mai shiga fadama ba. A ganina, in motarka ba ta shiga ruwa da taɓo a kai a kai, bar diram ɗinka ka kula da shi.

Birkina na baya ba ya ci sam. Sauyawa ce magani?

Kafin ka sayi komai, a binciki dalili, domin wasu dalilan za su bi ka har kan dis.

A duba ajasta, ko ya ƙame shu ya yi nisa da diram. A duba silinda, ko tana yoyo. A duba ko man aksul ya ɓullo ta sil ya jiƙa shu, in kuwa haka ne a duba ɗan bututun numfashin da ke saman aksul, domin in laka ta toshe shi, zafi yana tura mai ta bakin sil, ka sauya sil ɗin sau goma zai sake yoyo. Wannan man zai lalata fad kamar yadda ya lalata shu.

Sai babban abin da ake mantawa. Yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a ƙarƙashin bodi ta baya, LSPV, da doguwar sandar ƙarfe da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa auna lodi: in bodi ya zauna saboda kaya, ya ƙara wa baya matsin mai, in ba kaya ya rage. To in an ɗaga motar, ko an ƙara mata ganyen sifirin kamar yadda ake yi wa motocin lodi, ba a gyara mazaunin sandar nan ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum motar wayam take, sai ya hana baya mai. Mai mota ya ce diram ba shi da kirki, alhali ba a ba shi abin da zai yi aiki da shi ba ne. Wani lokacin ma sandar ta karye ko bawul ɗin ya ƙame da tsatsa. Gyaran wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na wahalar sauya birki ba.

Hambirki fa, yaya zai kasance?

Nan ne aikin ya fi lalacewa, kuma nan nake so kowa ya tsaya ya yi tambaya kafin a kwance noti ɗaya. A Hilux da makamantanta, hambirki shu ɗin cikin diram yake ja. In diram ya tafi, hambirki ya tafi da shi. Akwai masu cewa "a bar shi a giya, a sa dutse." Motar da ke tsayawa a bakin kwari, ko ake ɗaure igiya a jikinta a jawo wata, ba ta zama ba hambirki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Hanyoyi uku ne na gaskiya. Mafi kyau ita ce dis mai ɗan ƙaramin diram a cikin cibiyarsa, wanda hambirki kaɗai ke amfani da shi. Haka Land Cruiser 80 mai dis da 100 da Prado 120 suke. Yana riƙewa in an saita shi, amma ka sani shi ma yana tara laka, yana son a buɗe a wanke bayan damina. Ta biyu ita ce kalifa mai hannu a jikinta wanda kebur ke ja, irin ta ƙananan motoci. A Amurka an daɗe ana amfani da kalifar Cadillac Eldorado ta ƙarshen shekarun 1970 don wannan aiki, kuma an san ta da wuyar saiti, in ba a jan hambirki kullum sai ta saki. A kan babbar mota mai manyan tayoyi riƙonta ba ya kai na diram. Ta uku ita ce birki a kan farfela, bayan akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya. Masu Land Rover Defender da Nissan Patrol Y60 da Y61 sun huta, domin daga kamfani hambirkinsu a nan yake, sauya birkin taya bai shafe shi ba. Sai dai irin wannan farfela yake riƙewa, don haka in ka ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak motar tana iya gangarawa, dole a sa waigi.

Bawul ɗin da ke kulle man birki a cikin bututu ba hambirki ba ne. Matsin yana zurarewa a hankali, kuma ranar da bututu ya fashe, shi da birkin ƙafa tare za su tafi.

Wace hanya ta fi: sauya aksul gaba ɗaya, sayen kit, ko a ƙera?

In akwai irin motarka da ta zo da dis daga kamfani, kayanta su ne zaɓi na farko. Land Cruiser 80 misali ce mai kyau: wasu sun zo da diram, wasu da dis, don haka ana iya ɗauko aksul ɗin mai dis sukutum, da kebur ɗinsa, da masta (silindar da feda ke turawa ta aika mai zuwa tayoyi) da bawul na wannan motar. Injiniyoyin kamfani sun riga sun yi lissafin. Sharaɗi shi ne lissafin giyar aksul ɗin ya zama daidai da na gabanka, in ba haka ba ranar da ka sa ƙafa huɗu gaba da baya za su yi ta faɗa har wani abu ya karye. A duba faɗi, a duba ƙusoshin taya: Hilux da Land Cruiser 80 shida ne a da'irar milimita 139.7, Land Cruiser 100 da 105 biyar ne a milimita 150.

Kit na kamfanin da aka sani shi ne na biyu. Tambayar da za ka yi kafin ka biya: fad da dis ɗin na wace mota ne? In na motar da ake samun kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ne, madalla. In sai an yi oda daga waje duk lokacin da fad ya ƙare, ka sayi wahala.

Ƙerawa a gida tana yiwuwa, amma ba aikin mai waldar ƙofa ba ne. Biraket ɗin da ke riƙe kalifa shi ke ɗaukar duk ƙarfin tsayar da wannan ƙafar. Sai ƙarfe mai kauri, a yanka shi da awo, a huda a kan inji, kalifa ta zauna daidai tsakiyar dis ba karkace, fad ya kwanta gaba ɗayansa a kan fuskar dis ba rabi a waje ba. Kusoshi masu lamba 10.9 a ka, a ɗaure da sifana mai awo, a sa maganin hana kwancewa.

Bakanike ya ce zai sa mini kalifar gaba a baya, tunda ita ta fi ƙarfi. Ya yi daidai?

Ƙarfin nata ne matsalar. Kalifar gaba fistin ɗinta manya ne, an yi ta ne don ɗaukar kaso mafi girma. In ka kai ta baya ba ka sauya komai ba, abu biyu za su faru. Za ta sha mai da yawa, feda ta yi nisa kafin birki ya kama. Sannan baya zai riƙa kullewa kafin gaba, wanda shi ne mafi haɗarin abin da birki zai yi. In tayoyin gaba suka kulle, mota tana zarcewa ne kai tsaye, ka ɗan saki ta dawo hannunka. In na baya suka kulle, gindin motar ne ke zagayowa, kuma doguwar mota mai kaya a kan rufi in ta juya gefe a guje, faɗuwa ce ke biyo baya. Nemi kalifar da aka yi don baya, ta motar da nauyinta ya yi kusa da na taka.

Dole ne a sauya masta?

Ba kullum ba. A gama aikin, a cire iska sosai, a ji feda. In ta yi nisa duk da ba iska, to mastan ya yi wa sabbin kalifa ƙanƙanta. Babban masta yana rage nisan feda, amma yana ƙara mata tauri: daga inci 15/16 zuwa inci 1, girman fuskar fistin da ke tura mai ya ƙaru da wajen kashi 14 cikin ɗari, ƙafarka kuma sai ta ƙara wannan kason kafin ta ba da matsin da take bayarwa a da. Don haka ba a tsallake zuwa mafi girma haka kawai. A lura da kofin mai kuma, domin yayin da fad ke cinyewa fistin na fitowa, mai yana sauka ya cike gurbin.

Bayan an sauya, tayoyin baya suna zafi, motar kamar an riƙe ta. Me ya jawo?

Wasu tsofaffin motoci suna da ɗan bawul a bakin masta, a layin baya, da ke barin matsi kusan psi 10 a cikin bututu ko ka ɗaga ƙafa. Diram yana son wannan, sifirin ɗinsa sun fi ƙarfin matsin. Kalifa ba ta da sifirin da zai dawo da ita, sai fad ya zauna manne da dis. A cire bawul ɗin, ko a sa mastan motar da ta zo da dis a baya. In motarka ba ta da shi, a duba kebur ɗin hambirki ko ya yi tsauri, a duba ko biraket ya karkace.

Yaya zan tabbatar gaba da baya sun daidaita?

Da gwaji, a fili, kafin motar ta ɗauki kowa. Nemi shimfiɗaɗɗiyar hanyar burji da ba mutane ba dabbobi. Wani ya tsaya gefe, nesa kaɗan, ya zuba wa tayoyi ido, in an yi musu alama da alli ya fi sauƙin gani. Taho da gudun kilomita 30, ka taka da ƙarfi har taya ta ja ƙasa. Gaba ake so ya fara kullewa, baya ya biyo daf da shi ko ma kada ya kulle. A yi ba kaya, domin a nan ne baya ya fi saurin kullewa, sannan a yi da lodin da ka saba ɗauka.

In baya ke riga, ana sa bawul mai saiti a layin baya, a riƙa murɗawa ana sake gwaji. Ka sani ragewa kawai yake yi, ba ya ƙara matsi. Kuma kada a cire LSPV a jefar don wai yana hana baya ci, ba tare da an sa abin da zai maye gurbinsa ba. Akori-kura wadda yau wayam take gobe da buhu goma sha biyar ta fi kowace mota buƙatarsa.

Motata tana da ABS. Zan iya?

ABS na'ura ce da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, kuma a nan ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan sosai. Sansa da zoben haƙoran da take karantawa dole su koma mazauninsu daidai. Bayan wannan, kwamfutar birkin, musamman a sababbin motoci masu na'urar hana zamewa, an saita ta ne da sanin cewa diram ne a baya. Fitilar ABS ta mutu a dashbod ba shaida ba ce cewa lissafin ya daidaita. In ba kit ne da aka yi wa wannan motar takamaimai aka gwada ba, bar ta yadda take.

Wilina zai shiga?

Gwada kafin ka biya. Kalifa tana son sarari a cikin wili, wasu kit ba sa shiga wili mai inci 15, wasu wilin ƙarfe kuma suna gogar bayan kalifa ko da inci 16 ne. A gwada har da safaya. Kada a yarda a goge jikin kalifa da giranda don ta shiga. Dis kuma yana iya fin diram kauri a wurin da yake zama, sai ƙusoshin taya su gajarce, noti bai kama zare sosai ba. In haka ne a sa dogaye.

Sai an zare shaf?

A Hilux da yawancin masu irin aksul ɗinta, e. Farantin da shu ke zaune a kai yana bayan boris, boris kuma a matse yake a jikin shaf, sai an kai wurin injin matsa ƙarfe. Tunda an kai nan, a sa sabon boris da sil da zoben da ke riƙe shi, ba a maida tsohon zobe. Boris mai wasa yana sa dis ya riƙa kaɗawa yana tura fistin baya, sai ka ga bayan hanya mai gargada takun farko ya tafi ƙasa, na biyu ya kama.

Ranar kwance tsohon diram, kada yaran gareji su hura ƙurar da iska. Wasu shu, musamman tsofaffi da na araha, suna da asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa a goge.

An cire iska har sau uku, feda tana nan laushi. Ina matsalar?

Leƙa ka ga inda ɗan notin cire iska yake a jikin kalifa. Dole ya kasance a sama, domin iska sama take taruwa. In an sa ta hagu a dama, ta dama a hagu, notin zai koma ƙasa, yaro ya yi ta famfo yana "riƙe, saki" har magariba, mai yana fita tas, iskar tana zaune a samanta. A musanya su. In biraket ne ya juyar da kalifar, a kwance ta, a sa katako tsakanin fad, a riƙe ta notin yana sama a cire iskar, sannan a ɗaura. Shi ma LSPV yana da nasa notin a motoci da yawa, ana manta shi.

Kuma tsakanin bututun ƙarfe da kalifa sai an sa tiyon birki mai lanƙwasa, saboda kalifa tana motsi. Bututun ƙarfe kai tsaye zai yi ta lanƙwasuwa har ya tsage.

Wane man birki zan zuba?

Wanda aka rubuta a murfin kofin, DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in suka sha danshi ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. Shi ya sa ake zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, mai shiga ruwa ma kafin haka. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗannan. Sayi gwangwani a rufe, ban da na kwalba da ake aunawa a bakin titi.

Sabon fad yana buƙatar wani abu kafin a fara aiki da shi?

A wanke man da aka shafa wa sabon dis don hana tsatsa. Sannan a hanya marar cunkoso, daga gudun 60 ka rage zuwa 10 da matsakaicin taku, sau takwas zuwa goma, ba tare da ka tsaya cik ba. Ci gaba da tafiya 'yan mintoci ya huce, kada ka ja hambirki yana da zafi. Bayan tafiyar farko ta daji a sake bin kusoshin biraket da sifana, a duba ko tiyo yana gogar sifirin ko taya.

Na sa manyan tayoyi, birki ya yi rauni. Dis a baya zai dawo da shi?

Kaɗan. Daga taya mai inci 31 zuwa 35, birki yana buƙatar ƙarin ƙarfi wajen kashi 13 cikin ɗari kafin ya yi abin da yake yi a da, ban da ƙarin nauyin tayar. Wannan rashin ƙafa huɗu ya shafa, kuma gaba ya fi jin sa. Daga gaba ake fara gyara.

Doka da inshora fa?

Ya danganta da ƙasa. A Jamus da Ostareliya sauyi irin wannan sai an kai an duba an ba da takarda, a Ingila gwajin shekara-shekara yana auna ƙarfin hambirki daban. A Najeriya, mota ba hambirki ba ta cika sharaɗin lafiyar hawa hanya ba. In motar ta ma'aikata ce ko ta ƙungiya, ko tana da cikakkiyar inshora, a sanar a rubuce kafin a taɓa, don kada ranar haɗari a ce an sauya birki ba izini.

Kayan Baljiyam za su yi?

Biraket da jikin kalifa da aksul, e, in an duba su. Kalifa a buɗe ta, fistin ba tsatsa ba rami, a sa sabbin roba. Dis yana da mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa, a auna, in ya kusa kai wa a bar shi. Fad da tiyo da boris da sil da mai kuwa sababbi. In kana lissafin kuɗi, sa har da kebur ɗin hambirki, da bawul, da masta in ta kama, da wili in naka bai shiga ba, domin waɗannan ne ke ninka kuɗin da aka faɗa maka da farko.

Tsofaffin kayan in sayar?

Ajiye su, aƙalla har motar ta yi damina ɗaya da sabon birkin. Ka shafa wa diram ɗin mai, ka ɗaure sifirin da ajasta na kowane gefe daban a leda. Sannan ka rubuta a takarda sunan motar da aka ɗauko kalifa da fad da dis daga gare ta, da shekararta, da lambar kayan, ka sa a aljihun dashbod tare da fad saiti ɗaya, saboda bakaniken da zai buɗe ƙafar nan a wani gari ba shi ne ya yi aikin ba.